Yadda za ka gane abin da kalmar "beam" ke nufi duk inda ka ci karo da ita

Wasu kalmomin Turanci tsawonsu ne ke ba mai koyo wahala, wasu kuwa gajartarsu ce ke sa ya raina su har su kayar da shi. *Beam* tana cikin kashi na biyu. Haruffa huɗu ne kacal, amma injiniya yana rubuta ta a zanen gini, malamin kimiyya yana kawo ta a darasin haske, tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da mota, tana bakin likitan masu ciwon daji, marubucin labari kuma da ita yake kwatanta fuskar uwa ranar auren 'yarta. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko ya rufe, zai dace a wuri ɗaya ya yi kure a sauran. Amma ba sai ka haddace dogon jerin ma'anoni ba. Kusan dukansu daga tushe ɗaya suka tsiro, kuma akwai hanyar da za ka bi, mataki bayan mataki, ka gane wadda ake nufi.

Mataki na farko: gyara furucin

Wasalin tsakiya dogo ne, ka ja shi: biim. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan, tunda da jan wasali muke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo. Sannan ka rufe leɓɓanka a ƙarshe, domin in ka bar su a buɗe ka faɗi *bean*, wato wake.

Mataki na biyu: riƙe asalinta

A tsohon Turancin da aka yi a Ingila fiye da shekara 1000 da suka wuce, ma'anar kalmar ita ce bishiya. 'Yan'uwanta suna nan da wannan ma'ana har yau: Jamusawa suna ce wa bishiya *Baum*, mutanen Holan suna cewa *boom*. A Turanci ma tsohuwar ma'anar ta maƙale a sunayen wasu itatuwan Turai, irin su *hornbeam* da *whitebeam*.

Daga bishiya mai rai sai sunan ya bi gungumen da aka sare, daga nan ya koma kan dogon katakon da aka sassaƙe aka ɗora wa rufi. Tun a wancan zamani kuma aka fara kiran hasken rana da shi, *sunbeam*. Dalilin ba ya da wuyar gani. Ka tuna ɗaki mai duhu da rana ta shigo ta hudar kwano, ƙura tana yawo a cikin hasken: abin da idonka ke gani doguwar sanda ce miƙaƙƙiya, ta taso daga rufi ta dira a ƙasa.

To wannan shi ne abin da za ka riƙe: dogon abu, miƙaƙƙe, wanda ya tashi daga wani wuri ya nufi wani. Zuriyar ta rabu gida biyu. Akwai gidan katako, inda abin yake da nauyi, ana taɓa shi, yana ɗaukar kaya. Akwai gidan haske, inda abin ba ya taɓuwa, harba shi ake yi. Duk ma'anar da za ka gamu da ita, tambayarka ta farko ita ce: daga wane gida ta fito?

Mataki na uku: suna ce ko aikatau?

Dubi maƙwabtanta. In akwai *a* ko *the* a gabanta, ko wata kalma mai siffanta ta kamar *steel* ko *laser*, suna ce. In ta zo da *-ed* ko *-ing*, ko ta biyo bayan mai aiki, aikatau ce. Wannan ɗan bincike yana rage maka rabin aiki, domin a Turancin yau da kullum aikatau ɗin kusan kullum na gidan haske ne. Banda guda da za ka yawan gani ita ce *beamed ceiling*, rufin ɗakin da katakansa ke bayyane.

Mataki na huɗu: in gidan katako ne, gano sana'ar da ake magana a kai

Gini ne ya kamata mu daɗe a kai, domin a nan kuskure ke cin kuɗi, wani lokaci ma ya ci rai. *Beam* a gini shi ne abin da ke kwance yana ɗaukar nauyin da ke samansa ya miƙa wa abin da ke tsaye. Na tsayen kuwa *column* ne ko *pillar*, shi ne ginshiƙi. Sau da yawa na ga an fassara *beam* da ginshiƙi, kuma ba daidai ba ne: ginshiƙi a tsaye yake, *beam* a kwance. A ginin ƙasa na gargajiya muna da sunansa tun tuni, azara, wadda ake faskarowa daga giginya saboda ƙarfinta da yadda gara ba ta cika cinta ba. A ginin siminti kuwa magina sun riga sun ari kalmar, bim suke cewa, kuma gara ka bar ta haka in da su kake magana. In ka ce wa birkila azara alhali kankare kake nufi, kai ka rikita shi.

Fahimtar ma'anar tana taimakawa wajen karanta zanen injiniya. Bim ɗin da ya zauna a kan ginshiƙai biyu, in nauyi ya hau shi, tsakiyarsa ce ke son lanƙwasowa ƙasa: samansa yana matsuwa, ƙasansa yana jawuwa. Kankare yana jure matsi ƙwarai, amma ba ya jure ja. Shi ya sa manyan rodi suke zama a ƙasan bim a tsakiyar tazarar. *Cantilever beam* kuwa, wanda aka kafe gefensa ɗaya aka bar ɗayan a iska kamar na barandar bene, lamarinsa a juye yake: samansa ne ke jawuwa, saboda haka a sama manyan rodinsa suke. Duk wanda ke sa ido a ginin kansa ya kamata ya san wannan bambanci, don kada a jera rodin baranda a ƙasa da sunan haka aka saba.

Sauran sunayen da za ka gani a takarda suna bayyana kansu in ka duba kalmar farko. *Ground beam* yana matakin harsashi. *Ring beam* yana zagaye ginin ya ɗaure katangu. *Tie beam* yana ɗaure sassa biyu kada su buɗe. *I-beam* da *H-beam* na ƙarfe ne, an ba su sunan ne saboda in ka leƙa bakinsu siffar waɗannan haruffa za ka gani. *Lintel*, linta a bakin magina, ƙaramin bim ne da ke saman ƙofa ko taga. In kuma ka ga lambobi irin 225 x 450 a gefen sunan, faɗi ne da zurfi a milimita, kuma 225 ɗin ya yi daidai da kaurin bulo mai inci 9.

A jirgin ruwa ma'anar ta yi wani tsalle da ke ruɗa mutane. Jiragen dā na katako suna da gungumen da ake gittawa daga wannan gefe zuwa wancan don su riƙe daɓen sama. Mafi tsawonsu yana daidai inda jirgin ya fi faɗi, sai sunan katakon ya zama sunan awon. Yau in an ce *beam* ɗin jirgi, faɗinsa ake nufi, ba wani ƙarfe a cikinsa ba. Tsofaffin ƙofofin mashigin Panama suna karɓar jirgin da faɗinsa bai wuce mita 32.31 ba, kuma shekaru da dama a kan wannan awo aka riƙa ƙera jiragen kaya, har zuwa 2016 da aka buɗe sababbin ƙofofi masu faɗi. Jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a watan Maris na 2021, tsawonsa mita 400 ne, *beam* ɗinsa kuma kusan mita 59. In kana fassara labari irin wannan, "faɗi" kawai za ka rubuta. Matuƙa kuma suna cewa abu yana *abeam* ko *on the beam* in yana daidai kwiɓin jirgin, ba gaba ba, ba baya ba.

Sauran sana'o'in ba sa buƙatar dogon bayani. A ma'auni mai faranti biyu, sandar da ke rataye da farantan ita ce *beam*, daga nan aka sami *beam balance* na ɗakin gwaje-gwajen makaranta. A masaƙa, itacen da ake naɗe zare ko ƙyallen da aka saƙa ne. A garmar shanu, doguwar sandar da ake ɗaura wa sarƙar ja ce. Injin tururin da Thomas Newcomen ya ƙera a Ingila a 1712 don zuƙe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, irinsa ake kira *beam engine*, saboda ƙaton gungumen da ke lilo a samansa. A wasannin motsa jiki na mata kuwa, *balance beam* doguwar sanda ce mai tsawon mita 5, faɗin santimita 10, tana nesa da ƙasa da santimita 125, a kanta 'yan wasa ke tsalle da juyi. In ka karanta cewa Simone Biles ta Amurka ta sami lambar tagulla *on beam* a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, wannan sandar ake nufi.

Mataki na biyar: in gidan haske ne, tambayi mene ne ake harbawa

Ɗalibin sakandare ya fara da bambancin *ray* da *beam*, domin yana zuwa a darasin haske kuma ana haɗa su. *Ray* layi ɗaya ne, wanda ake zanawa da kibiya don nuna inda haske ya dosa. *Beam* tarin waɗannan layuka ne suna tafiya tare. Kamar tsintsiya ne: sili ɗaya *ray*, ɗaurin gaba ɗaya *beam*. Iri uku ake koyarwa. *Parallel* shi ne wanda layukansa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. *Convergent* shi ne wanda ke tattaruwa wuri guda, irin wanda gilashin ƙara girman rubutu ke yi wa hasken rana har ya ƙona takarda. *Divergent* shi ne mai bazuwa, irin na ƙwan fitila.

Direba kuma abin da ya shafe shi fitilun gaba ne. Littafin motar da aka rubuta don Amurka zai ce *high beam* da *low beam*, na Ingila zai ce *main beam* ko *full beam*, da *dipped beam*. Abu ɗaya ne: hasken nesa da hasken kusa. A allon gaban direba alamar hasken nesa shuɗiya ce, ta kusa koriya. Tunda maganar ta zo, bari in ƙara da abin da littattafan nan ke faɗa wanda ba a cika bi ba: ana sauke hasken nesa in mota ta tunkaro ko kana bin bayan wata, haka kuma cikin hazo mai kauri ko ruwan sama mai ƙarfi, domin ƙura da ɗigon ruwa suna maido da hasken cikin idonka ne, ba sa barinsa ya wuce. A lokacin hunturu wannan ba ƙaramar magana ba ce a hanyoyinmu.

In za ka sayi fitila, duba kwalin. *Beam angle* yana gaya maka yadda hasken ke buɗewa, a digiri. Mai digiri 24 ko 36 yana tattara haske wuri ɗaya, ya dace da haska kayan kanti ko allo. Mai digiri 120 yana baza shi, ya dace da tsakar ɗaki. A kwalin tocila kuma *beam distance* nisan da hasken ke kaiwa ne a mita.

Ba kullum ido ke ganin abin da ake harbawa ba, kuma a nan ne fassara da "haske" kaɗai ke gazawa. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya da *electron beam* take zana hoto, wato ƙwayoyin lantarki da ake harbawa su bi gilashin layi-layi. A asibiti, *external beam radiotherapy* shi ne maganin ciwon daji inda na'ura ke tsaye a wajen jiki tana auna ƙarin, wato kumburin ciwon, da makamashi mai ƙarfi, saɓanin irin da ake sa abin a cikin jiki kusa da ƙarin. Wanda ke yi wa ɗan'uwansa tafinta a gaban likita ya kamata ya san wannan, ya gaya masa cewa ba yanka ba ne, kuma ba zai ga abin da ake harbawa ba lokacin da na'urar ke aiki. *Laser beam* kuwa ya shigo bakin mutane bayan 1960, shekarar da Theodore Maiman ya haɗa na'urar lesa ta farko mai aiki a Amurka. A kwalin na'urar raba intanet za ka iya ganin *beamforming*: dabara ce ta karkata siginar zuwa inda wayarka take maimakon a watsa ta ko'ina daidai-wa-daida.

Mataki na shida: in aikatau ce, dubi mai aikin

In mai aikin mutum ne ko fuskarsa, murmushi ake nufi, kuma ba kowane murmushi ba. Wanda ya cika fuska ne, na farin ciki tsantsa, wanda babu ƙeta ko ba'a a ciki. Hausa ba ta rasa abin faɗa a nan: fuskarta ta cika da annuri, yana ta fara'a, baki har kunne. Ƙaramar kalmar da ke biye ita ke nuna alkibla. *She beamed at him* yana gaya maka wanda aka yi wa murmushin. *He beamed with pride* yana gaya maka dalilinsa, alfahari ne ya cika shi. A littafin labari za ka ga an rufe zance da *she beamed* a gurbin "ta ce". Sai ka rubuta "ta faɗa cikin fara'a". Kada ka musanya ta da *smirk*, domin wannan murmushin raini ne ko na mugunta.

In mai aikin tasha ce, tauraron ɗan'adam ko na'ura, watsawa ake nufi ko aikawa. Hotunan saukar 'yan sama-jannatin Apollo 11 a kan wata a Yulin 1969 *were beamed back to Earth*, an aiko su duniya kai tsaye. Wasan ƙwallon da aka ce *beamed live* an watsa shi ne kai tsaye. In kuwa rana ce ko fitila mai aikin, haskawa ce kurum.

Jaridun Najeriya suna da tasu jimla da suke ƙauna, *beam searchlight on*, musamman a kanun labaran hukumomin bincike. Babu fitilar da aka kunna. Ma'anarta hukuma ta sa ido a kan wani, ko ta karkata bincikenta wajensa. In don mai karatu na Ingila ko Amurka kake rubutu, *turn the spotlight on* ya fi saba wa kunnensa.

Akwai kuma *beam up*, wadda ta fito daga shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek da aka fara nunawa a 1966, inda ake ɗauke mutum daga wuri a bayyanar da shi cikin jirgin sama-jannati nan take. Mutum yakan ce *beam me up* cikin raha in ya ƙosa ya bar wani wuri.

Mataki na bakwai: salon magana, inda ba a bin kalma ɗaya-ɗaya

*Off beam*, wadda Ingilishi suka fi faɗa, tana nufin mutum ya kauce, hasashensa ko lissafinsa ba daidai ba ne. *On the beam* kishiyarta ce, ya kama hanya. Asalinsu tuƙin jirgin sama ne. A shekarun 1930 ana harba siginar rediyo daga filin jirgi, matuƙi yana saurare a kunne. In ya karkata gefe ɗaya ya ji wani irin sauti, in ya karkata ɗayan ya ji wani, in yana tsakiya sai sautukan su haɗe su zama ƙara ɗaya miƙaƙƙiya. A 1940 Jamus ta yi amfani da irin wannan dabara ta jagoranci jiragen yaƙinta zuwa biranen Ingila cikin dare, Ingilishi kuma suka duƙufa wajen rikita siginar, abin da tarihi ke kira *Battle of the Beams*. Lura da cewa wannan *on the beam* daban take da ta matuƙan ruwa da muka gani a baya. Jumlar ce za ta nuna maka wacce.

*On his beam ends* daga teku ta zo. Jirgin da ya kifa gefe har gungumen daɓensa suka miƙe tsaye yana dab da nutsewa. In an faɗa wa mutum, ana nufin ya kai gargara, galibi ta fuskar kuɗi. *Broad in the beam* ma ta jirgi ce, amma in an ɗora wa mutum ana nufin yana da faɗin ƙugu. Ka gane ta in ka ji, amma kada ka faɗa wa kowa, domin rashin ladabi ce.

Wadda ta fi tsufa ita ce *the beam in your own eye*. Ta shahara ne ta fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, a Linjilar Matta sura ta 7, inda ake tambayar mutum yadda yake hango ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa bai ga gungumen da ke nasa ba. Mai karatun yau yakan zaci haske ake nufi tunda an ambaci ido, alhali katako ne, shi ya sa sababbin fassarori suka koma *log* ko *plank*. In ka gamu da ita a sharhin jarida, karin maganarmu ya wadatar: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

In ta zo da babban baƙi, ko da ƙarin wutsiya

Babban baƙi a tsakiyar jumla alama ce ta suna, kada ka fassara. Android Beam wata hanya ce ta tura abu tsakanin wayoyi biyu ta haɗa bayansu, ta fito a 2011, aka cire ta a Android 10 a 2019. Apache Beam manhajar sarrafa bayanai ce. *Beamer* kuma ta danganta da ƙasar da kake: a Jamus na'urar haska hoto a bango ce, abin da ɗalibin da ya je karatu can zai ji tun makon farko, alhali Ingilishi *projector* suke cewa. A wasan kurket ƙwallo ce mai haɗari da aka jefa ta nufi saman jikin mai bugu ba tare da ta taɓa ƙasa ba, a bakin wasu kuma laƙabin BMW ce.

Gwada matakan a kan jumla mai wuya

Ɗauki wannan: *Check the beam before loading.* Akwai *the*, saboda haka suna ce. Ana maganar lodi, saboda haka gidan katako ne. Amma wace sana'a? A wurin gini, a duba bim kafin a ɗora masa nauyi. A tashar jiragen ruwa, a duba faɗin jirgin. A wurin awo, a tabbatar sandar ma'aunin ta daidaita kafin a zuba kaya. Jumlar ita kaɗai ba za ta raba gardamar ba. Sai ka koma sama ka karanta kan takardar da sakin layin da ya gabata, ka nemi kalmomi irin su *concrete*, *vessel* ko *scale*. In takardar ta umarnin aiki ce ko ta kariyar lafiya, kuma ka duba gaba da baya ba ka sami tabbaci ba, ka ajiye alƙalami ka kira wanda ya rubuta ta ka tambaye shi kafin ka miƙa fassarar ga ma'aikata.